Masu tsalle a gindin randa

Duk zaluncin da ɗan Adam ya taɓa yi a bayan ƙasa, tushensa ɗaya ne: ya ga abu yana tsalle, ya yanke hukunci kafin ya sunkuya. Shekara talatin ina koyar da ilimin halittu a kolejojin Tawa da kewaye, ban san a tsakar gidana za a tabbatar mini da wannan ba.

Akwai randa a zaurenmu na ciki, ta mahaifiyata ce, daga Kalfu muka ɗauko ta bayan rasuwarta. Tana zaune a kan yashi, yashin kullum da danshi. Wata damina matata ta tashi da ƙaiƙayi a idon sawu, ta je ɗebo ruwa, ta ga wasu 'yan ɗige-ɗige masu launin toka suna tsalle a gindin randar. Shi ke nan, shari'a ta ƙare.

"Malam, ƙuma ta cika muna gida. Randar ga za ta hita, in sa a yi feshi."

"Wace ƙuma?"

"Wadda ta ci ƙafata."

Na ɗauko gilashin ƙara girma da na aje tun ranar da na aje alli, na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara. Ba ƙuma ba ce. Littattafanmu na lakkwal, wato makarantar boko, suna ce wa ƙwaron kolambol, Hausa kuwa ban taɓa jin ta raɗa masa suna ba, don ba ya yi wa kowa laifin da zai sa a kira shi. Bai kai ƙwayar gero ba. Ƙafa shida, babu fiffike. Yana da 'yar wutsiya mai baki biyu da yake naɗewa a ƙarƙashin ciki, in ya tsorata ya sake ta, ta cilla shi sama, shi kansa bai san inda zai faɗa ba. Abincinsa fumfuna da ruɓaɓɓen ganye. Ba shi da bakin huda fata, ba ya shan jini, ba ya cin hatsi ko tufa. Danshi kawai yake roƙo, in wuri ya bushe ya mutu.

Duk na faɗa mata wannan, har da zane a ƙasa. Ta ce, "To mi ya cije ni?"

Na ce sauro, wanda ke yawo a fili da kiɗansa, kowa ya san shi, ba wanda ya taɓa fasa tukunya dominsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai mai feshin ne, wani maƙwabcinmu da ya sayi tankin goyo ya zama likita. Ya iso kafin azahar, ko sunkuyawa bai yi ba, ya kira ni da Mushe, yadda ake kiran malamin boko a nan.

"Mushe, ƙuma ce. Irinta na kashe jiya."

"Ka taɓa ganin ƙuma ido da ido?"

"Ni aikina kashewa ne, ba kallo ba."

Kuma zai fesa guba a inda muke shan ruwa, don halaka abin da ke share masa dattin ƙasa kyauta. Na ɗebi yashin da hannu, na zuba a damtsena, na zauna a kujera ina kallonsu. Rabin awa 'yan bayin Allah suna tsalle a jikina, ko ɗigon ja babu. Mai feshi ya saɓi tankinsa ya fita yana cewa boko ya yi mini yawa.

Matata ta ce ta yarda, randa ta zauna. Amma tunda mutanena ne, daga yau ni ke cika ta, ita ta koma ruwan sanyi na firigo. Na karɓa da alfahari, har na yi ɗan jawabi a kan amana.

Sati biyu ban tuna da randar ba. Da na je dubawa yashin ya bushe, babu ko ɗaya.