Zarton Kawu da Firizata

Har yau in na ji ƙarar zarto yana cin ƙarfe sai raina ya ɓaci, ko da wucewa kawai nake yi ta gaban shagon masu walda. Zarton bai yi mini komai ba. Haushin mutanen gidanmu nake ji, da na kaina, ni da na tsaya ina kallo har sau biyu ban hana ba.

Gidanmu a unguwar Maamobi yake, tsohon gida mai ɗakuna a jere da tsakar gida ɗaya, wanda kakanmu ya gina bayan ya ajiye kakin ɗan sanda. Tun da aurena ya mutu na dawo da 'ya'yana biyu, firiza ce ke ci da mu. Doguwa ce mai murfi a sama, tana barandar ɗakin Mma, mahaifiyata. A cikinta nake daskarar da ƙanƙara a leda, in sanyaya sobolo, wato zoɓo, da burkina, damun gero da nono. In azumi ya kama, tun la'asar ake cika ƙofar gidanmu, kuma cinikin wannan wata ɗaya shi ke riƙe mu har bayan Babbar Sallah.

A shekarar da nake ba da labari, azumi na da kwana uku firizar ta daina sanyi. Inji na ta kuka, amma ledojin da na jera da safe ruwa ne tsululu har azahar.

A gidanmu akwai dokar da ba wanda ya taɓa faɗinta da baki: duk abin da ya shafi ƙarfe na Kawu ne. Kawu wan Mma ne, shi ne babba a gidan, kuma yana walda tun kafin a haife ni. Shi ya ƙera ƙofar gidanmu da tagogin masallacin layinmu, da rumfunan ƙarfen da ake kafawa a titi ranar aure ko suna. Shi ya riƙe mu da mahaifinmu ya rasu. Ka kira mai gyara daga waje alhali Kawu na zaune a bencinsa a zaure, kamar ka fita titi ne ka yi shela cewa ya tsufa. Gyaran firiji kuwa bai taɓa koya ba. Shagonsa ne ya taɓa zama kusa da na wani mai yi, ya riƙa leƙe, daga baya ya sayi tukunyar gas ya ajiye. Iyakar karatun ke nan.

Ya zo ya ja firizar daga bango, ya shafa kumfar sabulu a bututun jan ƙarfen da ke bayanta har ya gano inda gas ke fita. Wannan kam ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Sai ya ɗauko zartonsa ya kafa a kan bututun da bai fi ƙaramin yatsana kauri ba, ya shiga gurzawa. Ina gani wani jan gari na zuba, rabi a ƙasa, rabi a cikin bututun. Da ya gama ya kai bakinsa ya hura sau ɗaya.

Na ce, "Kawu, wannan garin fa da ya shiga ciki?"

Ya ce, "Wane gari? Ƙarfe ƙarfe ne. Na yanka paipu da ya fi cinyanki kauri, wannan ɗan tsinke ne zai ba ni wahala? Je ki duba tukunyanki."

Na tafi na duba tukunyata, wawiya da ni. Ya liƙe, ya ɗura gas, firizar ta yi sanyi kwana ɗaya da wuni, ta sake tsayawa. Ya dawo da zarton nan, ya yanka gaba kaɗan, ya hura, ya liƙe. Wannan karon ko kwana ba ta yi ba. Burkinar da na dama bokiti guda ta yi tsami, na ɗauka da hannuna na juye a kwata, maƙwabta na kallo. Masu sayen ƙanƙarata suka fara wuce ƙofarmu suna gaishe ni daga nesa. Da na yi wa Mma maganar kiran wani, sai ta dube ni kamar na ce a sayar da gidan.

Ta ce, "Wan nawa yana da rai za ki kawo mani baƙo da jaka? Ba a gidan nan ba, kuraa, ko kaɗan."

Washegari na ce zan je kasuwa, na zarce bakin titin Kanda wurin wani mai gyaran firiji, mutumin Nijar, wanda yakan tsaya ya sha sobolona. Tun ban gama bayani ba ya tambaye ni da me aka yanka. Da na ce zarto, sai ya dafe kai. Ya nuna mini wani ɗan bututu siriri kamar tsinken tsintsiya, ya ce duk gas ɗin ta nan yake bi, ƙwayar gari ɗaya ta isa ta toshe shi, inji kuma ya yi ta turawa har ya ƙone.

Ya ce, "Injin nan ya sha wuya sau biyu, Hajiya. In aka yi na uku, sai dai ki riƙa zuba shinkafa a cikinta."

Na ce to ya taso mu je. Ya girgiza kai. Ya ce sahu ɗaya suke tsayawa da Kawu ranar Juma'a, ba zai shiga gidan dattijo ya sa hannu a aikin da dattijon ya fara ba. Na ce to zan sa a turo masa firizar a kura. Ya tambaye ni ta wace ƙofa za ta fita, in ba ta gaban bencin Kawu ba. Na ji kamar in kwashe ƙarafan da ke teburinsa in watsar a titi. Kowa na tattalin mutuncin Kawu, ba mai tambayar abin da 'ya'yana za su ci.

Da ya ga idona ya kawo ruwa, sai ya ciro wani ɗan abu daga aljihun rigarsa, mai baki a buɗe, bai cika tafin hannu ba. Ya ce sunansa kota. A cikin bakin akwai ɗan faifai mai kaifi a gefe ɗaya, da 'yan tayoyi biyu a ɗaya gefen, a gindi kuma akwai abin murzawa. Ya sa guntun bututu a bakin, ya murza har faifan ya taɓa shi kawai, ya zagaya da kotar sau biyu, ya ƙara murzawa kaɗan, ya sake zagayawa. Can sai bututun ya rabu da kansa, bakinsa sumul, ba ko ƙwayar gari. Ya ce tasa ba ta kwana a waje, in je kasuwar Tudu in sayi tawa in ba Kawu. Ya haɗa ni da sabon mataci, ɗan abin da ke tace gas kafin ya shiga siririn bututun nan, da za a sa a madadin wanda ya toshe, da guntayen bututu cike da hannu, ya ce a kore dattin ciki da gas kafin a liƙe.

A Tudu mai shagon ya fara da tambayata ko maigidana ne ya aiko ni. Na ce shi ne zai aiko ni, daga gidan amaryarsa. Ya miƙo mini wata ƙatuwa mai dogon hannu, irin ta masu aikin famfo, wai babba ta fi ƙarko. Na ce bayan firiza zan shiga da ita, ba gindin tanki ba, ina za ta sami wurin juyawa? Ya kawo ƙanana uku. Na duba faifan kowacce a hasken rana kamar yadda aka koya mini. Ta farko bakinta ya ɗan ɓalle. Ta biyu na gwada ta a kan guntun bututuna, sai layin ya riƙa tafiya gefe yana naɗewa maimakon ya koma inda ya fara. Mai shago ya ce hannuna ne. Na sa ta uku a kan bututun nan dai da hannun nan dai, ta zana layi ɗaya tak. A bayanta akwai wata 'yar wuƙa da ake buɗewa a share bakin bututu bayan yanka. Ita na ɗauka, na bar shi yana ta magana da yarensu na Twi a bayana.

A kicin na ɓuya na yanka guntayen nan har suka ƙare. Na farko na matse da yawa ya lotse. Daga na huɗu hannuna ya gane.

Bayan la'asar na je zaure na durƙusa, na miƙa wa Kawu kotar da matacin da hannu biyu, na ce tsaraba ce. Ya juya ta a hannunsa.

Ya ce, "Wa ya ce maki zartona ya gaji?"

Na ce ba wanda ya ce, na ji dai ana yabonta ne. Na fara yi masa bayanin a murza kaɗan-kaɗan, ya ɗaga mini hannu. Ya tashi ya nufi baranda, ya rataya zartonsa a kafaɗa kamar kullum. Lokacin matan gida duk suna tsakar gida suna haɗa abin buɗa-baki, Mma na tankaɗe a bakin ƙofarta.

Ya sa kotar a bututun. Hannun da ya shekara hamsin yana ɗaure ƙarfe bai san wani abu wai shi kaɗan ba. Ya murza ta har ƙarshe a tashi ɗaya, bututun ya lotse kamar an taka shi da takalmi.

Ya ce, "Ka gani? Abin wasan yara ne kika kawo mani."

Ya jefar da ita a kan murfin firizar, ya sauke zarto daga kafaɗarsa. Na leƙa. Bayan yanka biyu na baya da wannan lotsewar, abin da ya rage na bututun a jikin inji bai wuce gaɓar yatsa biyu ba. Yanka ɗaya ya rage. Ya ɗora haƙoran zarton a kai.

Ban san lokacin da na riƙe wuyan hannunsa ba. Ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba tun ina yarinya. Na ce, da muryar da har masu wucewa a layi suka ji, "Kawu, ka kashe ta sau biyu. Wallahi ba za ka kashe ta sau uku ba. Ba ka iya wannan aikin ba!"

Rariyar Mma ta tsaya. Turmi ya tsaya. Kawu ya dubi hannuna a kan nasa har na saki, sannan ya ja da baya taku ɗaya. Na durƙusa a inda ya tashi, na sa kotar bayan lotsewar, na murza har ta taɓa, na zagaya, na ƙara kaɗan, na zagaya. Ban ƙirga ba. Guntun ya faɗi ƙasa ya yi ɗan ƙara. Na share bakin da 'yar wuƙar, ina karkata shi ƙasa don kada komai ya faɗa ciki, na yanke tsohon matacin shi ma, na faɗa wa bango cewa a kore dattin da gas kafin a liƙe, don ba zan iya kallonsa ba.

Kawu ya kore dattin, ya kunna wutarsa, ya liƙe sabon matacin a kan ɗan guntun da ya rage. Ban taɓa ganin liƙi mai kyan wannan ba, zagaye, lafiyayye, kamar zobe a yatsa. Ya ɗura gas, ya naɗe tiyonsa, ya ɗauki zartonsa ya koma zaure.

Washegari da azahar ledojina sun zama dutse. Na ciro ta farko na fasa a kwanon shan Kawu, kamar yadda nake yi kowane azumi, na kai masa benci kafin kiran magariba. Da na koma ɗaukar kwano bayan an sha ruwa, yana nan inda na ajiye, ƙanƙarar ta narke, ba a taɓa ba. Daga randa ya ɗebi nasa.

Mma ta sa ni na je na durƙusa na ba da haƙuri. Ya ce ba komai, ya yafe, Allah ya yi mini albarka. Ya rataye zarton a ƙusa a zaure. Da ƙofar banɗaki ta ɓalle bayan Sallah, aka je aka gaya masa, sai ya ce a kira wanda ya iya. Duk gidan suka juyo suna kallona.

Ina jin haushi har yanzu, kuma ban ga dalilin ɓoyewa ba. Ina jin haushin mai gyaran da ya zaɓi sahunsa, da Mma da ta zaɓi wanta, da matan gidan da suka san gaskiya suka bar ni ni kaɗai in faɗe ta da ƙarfi. Da ɗayansu ya ja Kawu gefe tun yankan farko, da ba a kai ga bakina ba. Ina jin haushin Kawu ma, da ya gwammace ya sha ruwan ɗumi da ya ce yarinyar nan ta yi daidai.

Firizar na nan tana aiki, ba ta sake tsayawa ba. Azumi huɗu ke nan ina fasa ƙanƙarar farko a kwanonsa ina kai masa benci. Yakan ce, "An gode." Bayan magariba in koma in ɗauko kwanon, in zubar da ruwan a bakin kwata.