Cingam ɗin Saloma

Ranar da aka binne maigidana, silifas ɗina ya tsinke a hanyar maƙabarta. Maƙwabciyata Saloma ta cire nata ta tura min, ta ƙarasa da ƙafa haka nan. Ban manta ba.

'Yar Mahuta ce, aure ya kawo ta Rikoto. Mijinta tsohon soja ne, Allah bai ba su haihuwa ba. Tebur take kasawa a bakin asibiti: sabulu, alewa, cingam. Bakinta ba ya hutawa, ƙas-ƙas har a taron zumuntar mata na coci. Mu kuwa an tashe mu a kan cewa macen kirki ba ta tauna cingam a gaban mutane.

Bara aka yi wa 'yata Goodness aiki aka ciro jaririya. Cikinta ya kumbura, ya yi shiru. Aka ce ba abinci sai ta fitar da iska. Nas ta ce a gwada ba ta cingam, wani lokaci tauna na tayar da hanji. Na ce 'yata ba za ta yi wannan a gaban surukanta ba. Na riƙe hannunta ina addu'a.

Sai ga Saloma.

"Maman Goodness, matsa. Ke yi naki, ni in yi nawa."

"A gaban uwar mijinta?"

"Ita ma na kawo mata, in tana da haƙora."

Saloma da Goodness suka zauna suna taunawa tare. Washegari iska ta fita, ɗaki ya ɗau dariya. Goodness ba ni ta duba ba. Ta ce, "A kira Mama Saloma, a gaya mata."

Ni na yi azumi, ni na wanke tsummoki. Amma jaririya sunan Saloma aka sa mata. Na ce madalla. Har yau in na ji ƙas-ƙas ta bayan katanga, sai in gyara goyona in shige ɗaki.

Lahadin da za a kai yarinya coci, na fito da sabon majanyi. Na tarar da Saloma a ƙofa, ba cingam a bakinta, tana murza bakin zanenta.

"Maman Goodness, bayana bai taɓa ɗaukar ɗa ba. Ki ara min ita, daga nan zuwa ƙofar coci kawai."