Yadda Muka Saka Baba a Kiɗa

Ko zan manta komai a rayuwata, ba zan manta shekarar da muryar mahaifina ta zama kiɗan rawa a garin Bauchi ba, alhali shi ko tafi bai taɓa yi ba tun da na san shi.

Mu uku ne a ƙungiyar. Ni ke haɗa kiɗa a kwamfuta. Sai wani abokina da muke kira ɗan Fasto, mutumin Tafawa Ɓalewa, wanda ya koyi piyano a cocin babansa ya kawo mana iliminsa kyauta. Na ukun ɗan gwaggona ne, abokin wasana, wanda bai iya komai ba sai surutu, don haka muka naɗa shi manaja. Irin kiɗan nan na turawa muke yi wanda babu waƙa a ciki, sai dum-dum-dum da ƙarar na'ura, a yi ta maimaita abu ɗaya har mutum ya ji ƙafarsa tana motsi ba da izininsa ba. Ɗakinmu yana Fadaman Mada, bayan shagon wani mai walda, mun lulluɓe bangon da kwalin ƙwai wai don sauti.

Kafin wannan shekarar mun fitar da kiɗe-kiɗe da dama, kuma wallahi babu wanda ya ji su sai mu da mai walda. Akwai wanda muka haɗa da ƙarar injin niƙa, akwai na hon ɗin keke napep. Wata rana muka kunna wa wata yarinya mai sayar da awara, ta saurara har ƙarshe cikin ladabi, sannan ta ce, "To yaushe za a fara?" Haka muke, amma a ranmu mu manyan mutane ne da gari bai gane ba tukuna.

Shi kuwa Baba ɗan kasuwar hatsi ne a Muda Lawal, mutum mai kwarjini, ba ya dariya sai da dalili. Abin da ya sani kawai shi ne ina "aikin kwamfuta". Yana da wata kalma da ya iya faɗa fiye da kowa. Idan aka taya masa buhun masara tayin bai yi masa ba, sai ya gyara murya, ya ja harafin ra ɗin nan har ya yi rawa: "Albarrrka." Mai saye ya san babu sauran zance, sai dai ya ƙara. Da wannan kalmar kuma yake sallamar mu a gida. Duk safiya in na durƙusa na gaishe shi, sai ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Na saba da ita har na daina jin ta.

To ɗan Fasto bai taɓa ganin Baba ba. Ranar da mamarsa ta aike shi sayen masara, yana yawo da wayarsa yana ɗaukar hayaniyar kasuwa kamar yadda muka saba, sai ƙaddara ta kai shi rumfarmu. Lokacin ni ina Gombe wajen bikin wani ɗan'uwa. Kafin in dawo sun yayyanka muryar, sun ɗora ta a kan wani kiɗa da na bari ban gama ba, manaja kuma ya kai wa masu tura waƙa a waya.

Ina shiga ɗakinmu, sai ɗan Fasto ya tare ni da murna. Hausarsa ba ta damu da mace ko namiji ba. "Zo ka ji wani tsoho da na samu. Muryan shi ya yi daɗi, kai ba ka taɓa jin irin shi ba."

Ya danna. Kiɗa ya taso a hankali, ya yi ta hawa, ya yi ta hawa, sai ɗif, shiru. A cikin shirun sai na ji gyaran muryar da na sani tun ina cikin zanin goyo. "Al-al-al-albarrrka." Ganga ta faɗo.

Na zauna a ƙasa. Na ce, "Ka san wane ne wannan?"

"Wani mai masara ne, mai tsadan tsiya."

"Ubana ne."

Na juya wajen manaja, wanda Baba kawunsa ne, ya san muryar sarai. Ko kunya babu ya ce, "Ni fa na ga kamar na san ta. Amma tsakani da Allah, bai yi daɗi ba?" Abin haushin shi ne ya yi daɗi. Har yau ban haɗa abin da ya kai shi ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce raina bai yi fari ba da na fara jin sa yana tashi a cikin keke.

Waƙa ta kama gari. Shagon aski, wajen masu shayi, bikin 'yan GRA, ko'ina Baba ne yake ƙin tayi. Su kuwa 'yan Muda Lawal ba a ɗauki lokaci ba suka gane mai muryar. Mutum zai zo rumfar ba don yana son masara ba, ya yi tayin banza, ya tsaya yana jira. Baba yana cewa albarka sai masu dako su amsa da dum-dum-dum, wani ya ajiye buhu ya karkaɗa kafaɗa. Dattijon da ake sauke murya in an zo gabansa ya zama abin nishaɗin layin hatsi. Ya koma cewa "bai yi ba", su ce, "Haba Alhaji, faɗi ta asali mana."

Bai dake ni ba, bai zage ni ba. Da ma ya yi. Da safe na durƙusa na gaishe shi, ya dube ni ya ce, "To, madalla." Washegari ma haka. Kalmar ta fita daga bakinsa gaba ɗaya, a kasuwa da gida, har ƙannena da ba su san hawa ba suka rasa tasu. Sai a lokacin na san nauyinta. In fita gida in ji kamar na bar wani abu a baya, in yi ta laluben aljihu. Gari yana rawa da albarkar ubana, ni kaɗai ne ba ni da ita, kuma abin ya ci ni sosai.

Fasto da kansa ya jawo ɗansa da kunne har rumfa don ba da haƙuri. Mutum ne mai kirki, ya yi magana mai daɗi, Baba ya karɓe shi da mutunci ya sa aka kawo masa ruwa. Amma da zai tafi, sai sabo irin na coci ya kwashe shi, ya ɗaga hannu ya ce, "Ubangiji ya sa albarka." Wani shaƙiyyi daga bayan buhuna ya ce dum-dum. Fasto ya rasa inda zai sa kansa, ya huce a ƙeyar ɗansa.

A ranar Baba ya yanke hukunci. Ya ce da ni, "Tunda kun ɗauke min baki, kai za ka zama bakina." Daga nan kullum ina zaune kusa da shi a kan buhu. In tayi ya yi, ya ce ya sallama. In bai yi ba, ya taɓa ni da sandarsa, ni in ce albarka, a yi min dum-dum ɗin a fuska. Ɗan Fasto yakan zo ya taya ni zama don kara. Manaja kuwa ko ƙeyarsa, yana can yana karɓar gayyatar biki da sunanmu, muna ƙin zuwa. Haka muka yi damina guda, har wata sabuwar waƙa ta fito mutane suka koma kanta, masu dako suka gaji da mu. Kasuwa ta lafa, amma a gida madalla tana nan daram.

Ana haka na samu aikin haɗa sauti a wani gidan rediyo a Jos. Inna ta ce, "Kada ka kuskura ka sa ƙafa a mota ba ka karɓo albarkar nan ba." Da safen tafiyar na shiga ɗakin Baba na durƙusa. Ya yi min nasiha kan salla da abokai, ya rufe da, "Allah ya tsare hanya." Na ƙi tashi.

"Me kake jira?"

"Baba, akwai saura."

Ya dube ni. Ya ce, "Ina wayarka?" Na miƙa. "Ɗayar fa?" Na miƙa ita ma. Ya ƙwala wa Inna kira ta zo ta fita da su a cikin kwanon sha, ya ce ta kai madafi. Ya sa na zazzage aljihuna, ya leƙa cikin hulata. Ya tashi ya leƙa taga ko ɗan Fasto yana laɓe, ya rufe ta. Ina son yin dariya, hawaye kuma suna zubo min, na rasa wanne zan bari.

Sannan ya dawo ya dafa kaina, ya sunkuyo daidai kunnena. Bai gyara murya ba, bai ja ra ɗin ba. A hankali ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Ya ɗago ya ƙara da cewa, "Wannan in na ji ta a keke, kada ka dawo min gida."

Ƙungiyarmu ba ta sake haɗuwa ba bayan tafiyata, sai dai zumunci. Baba ya rasu shekarun baya. Aikina har gobe ɗaukar muryoyin mutane ne, kuma ina ganin yaran yanzu komai suka ji sai su zaro waya. Abin da na koya shi ne kalmar da ke bakin mutum tasa ce, sai ka tambaye shi kafin ka kai ta gari, ko da kuwa ta fi kowace daɗi. Ta kasuwar tana nan a wayoyin mutane, wani lokaci nakan ci karo da ita. Wadda ya faɗa min a kunne kuwa babu ita a ko'ina, kuma ita ce nake ji duk safiya in zan fita.