Ni ce Hancin Rakiya

Shekara shida ke nan da rasuwar Rakiya, amma har yau in na ɗora tukunyar sandal da sukari a wuta sai na waiga gefen taga, ina jiran a ce mini "da saura". Ba mai cewa. Sai in sauke da kaina, wata rana da wuri, wata rana a makare, in yi wa kujerar da ba kowa a kanta tsaki.

Sunana Saude. Iyayena ta Sudan suka shigo Makka, nata ta Chadi, muka haɗu a unguwar Nakkasa muna 'yan mata, wajen wata tsohuwa da ke haɗa turaren wuta da humra tana sayar wa alhazai. Da tsohuwar ta rasu muka gaji tukwanenta da ɗakinta. Sama da shekara ashirin muka yi ɗaki ɗaya, kwano ɗaya, katifa ɗaya. Unguwa ta ce ya da ƙanwa ne, mu kuma ba mu taɓa gyara wa kowa ba. Ni dai na san ina son ta son da ban yi wa wani mahaluƙi ba, ita ma ta sani, muka ja ƙofarmu a kan haka.

Aikin a rabe yake. Hannu nawa ne, hanci nata. Ni ke dakan kajiji, ni ke soya farcen turare, ni ke tsayuwa a kan wuta, ita kuwa gimbiyar tana zaune bakin taga tana shaƙa tana yanke hukunci. In na ce mata wannan ai zalunci ne, sai ta ce ko a jiki ma hanci a sama yake zama.

Ba mu jima da komawa unguwar Hindawiyya ba, bayan rusau ya cinye layinmu, ciwon kai ya kama ta. Aka ce ƙari ne a ƙwaƙwalwa, sai an yi aiki. A asibiti wata ma'aikaciya ta ɗago kai daga takarda ta tambaye ni, "Ke mece ce a wajenta?" Ta ce dangi ne kawai ke sa hannu a takardar aikin. Sai da wanta, Yaya Idrisa, ya taso daga Jidda ya sa hannu, ni ina tsaye a bayansa riƙe da takalmanta a leda.

Ta dawo gida da kai a aske, ɗinki ya bi ta saman goshi daga kunne zuwa kunne. Watannin nan in na tuna su kamar a cikin ruwa muka yi su. Komai a hankali. Barci take yi da hantsi, ta farka ta tambaye ni ko an sauko daga Arfa, alhali ko azumi ba a yi ba. Cokali takan ce masa mabuɗi, ta yi dariya, ta sake nema. Da la'asar in riƙe mata kafaɗa mu taka daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa gado, tana cewa mun fi masu Safa da Marwa lada. Nakan wanke mata kai da ruwan ɗumi ina kewaye ɗinkin da ɗan yatsa, gashin yana tsirowa fari-fari, mai laushi kamar na jariri.

Wata rana na ɗora tukunya na sauka sayo gawayi, na bar ta bakin taga. Na dawo na tarar da hayaƙi ya turnuƙe ɗakin, sandal ya ƙone ƙurmus, ƙauri har matakala. Ita kuwa tana zaune a tsakiyarsa, ido a lumshe, tana murmushi. Na kira ta, ta ce, "Ina jin da saura kaɗan." A nan na gane. Ita ta daɗe da ganewa, ɓoye mini take yi. Aikin ya ɗauke ƙarin, ya tafi da ƙamshin duniya gaba ɗaya. Ranar ba mu ci abinci ba.

Kashegari ta miƙo mini kwalba ta ce, "Gaya mini." Na shaƙa na ce yana da daɗi. Ta ce in ban da abin da zan faɗa sai wannan, gara in koma sayar da gyaɗa. Na sake shaƙa, na daɗe, na ce kamar ranar da aka yi ruwa a dutsen Nakkasa, muka fito da bokitai, ƙasa ta jiƙe, wani yana gasa masara a ƙasan layi. Ta rufe ido ta ce, "To kajiji ya yi yawa. Ƙara miski." Na ƙara, ya kuwa daidaita.

Haka muka koma yi. Ni in shaƙa in ba da labari, ita ta saurara ta faɗi abin da ya rage. Wannan kamar akwatin tsohuwarmu ne ranar sallah. Wancan kamar mayafin hajiyoyin Kano in sun fito daga Harami da asuba. Kowace yamma sai mun zaga unguwar da babu ita, mu hau matakalan da katafila ta share, mu gaisa da matattu, duk muna zaune a ɗaki ɗaya a Hindawiyya, ƙarar tasi na shigowa ta taga. Ban taɓa yawo irin na shekarar nan ba.

Ana cikin haka Yaya Idrisa ya zo ɗaukar ta. Mutumin kirki ne, ba zan ci amanarsa ba. Ya zauna ya ce, "Saude, kin yi ƙoƙari, Allah ya saka. Amma naka sai naka. Mara lafiya wajen danginsa ya kamata ya zauna, mutane ma sun fara magana." Ba ni da takardar da zan nuna, ba ni da sunan da zan kira kaina. Na tashi na fara ninke kayanta.

Rakiya ta ce, "Ajiye." Ta juya ga wanta, a hankali take magana don kada kalma ta kuɓuce mata. "Yaya, likita ya cire mini hanci, Allah ya mayar mini da shi a jikin Saude. Ka taɓa ganin wanda ya tafi Jidda ya bar hancinsa a Makka? Halas, magana ta ƙare, a nan zan zauna." Ya dube ta, ya dube ni, ya daɗe yana duban katifar nan guda ɗaya. Ya sha shayinsa ya tafi, bai yi mini sallama ba.

Bayan tafiyarsa ta sa fuskarta a wuyana ta ja numfashi mai tsawo. Ta ce duk turarukan nan ta yafe su, wannan ɗaya ne ke mata ciwo. Ta ce in gaya mata. Na ce mutum ai ba ya jin ƙamshin kansa. Ta ce, "To shi ke nan, zan riƙe wanda na sani."

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Inda ɗakinmu yake a Nakkasa fili ne fetal. 'Yan matan yanzu a waya suke tallan humra, a kwalabe masu ruwan zinare, mutum ya saya bai shaƙa ba. Ina jin da farko za ta taɓe baki, sannan ta ce ai ita ta fara sayar da turaren da ba ta ji ba, su biya ta kuɗin koyo.

Shekara uku muka ƙara kafin ƙarin ya dawo. Da aka yi jana'izarta aka gama karɓar gaisuwa a gidan wanta, na koma ɗaki ni kaɗai. Na san ba ni da takaba a kanta, ba malamin da zai ba ni. Amma na cire 'yan kunne, na daina kwalli, na rufe kwalaben duka. Mai sayar da turare ta wayi gari ba ta ƙamshin komai sai sabulu. Ban gaya wa kowa ba.

Ranar da wata huɗu da kwana goma suka cika, aka ƙwanƙwasa ƙofa da hantsi. Yaya Idrisa ne. Bai shigo ba. Ya miƙo mini leda, turmin atamfa ne a ciki da 'yar kwalbar humra. Ya ce, "Ita ta haɗa, lokacin da kika tafi yi wa alhazai aiki a Arfa. Ta sa na yi mata alkawarin kawo miki yau, ba jiya ba, ba gobe ba. Ban tambaye ta dalili ba, ke ma ba zan tambaye ki ba." Ya juya zai sauka, sai ya tsaya a matakala ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Saude. Ya ƙarin haƙuri?" Duk kwanakin zaman makoki ba wanda ya yi mini wannan gaisuwa, ni ce ma nake yi wa mutane.

Humrar ba ta yi daɗi ba, gaskiya ɗaya ce. Farcen ya yi yawa, sandal ɗin bai nuna ba, da a ce ni na haɗa da sai ta yi mako tana mini gori. Ita nake shafawa duk ranar Juma'a, ɗigo ɗaya a wuya, kuma ta kusa ƙarewa. Kwanan baya wata hajiya da ta zo sayayya ta shaƙa ta yamutsa fuska, ta ce wannan kuma turaren wa na sa. Na ce mata na mai ɗakina ne.