Farin tabo a ƙirjin ɗan kwikwiyo

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma, ana idar da la'asar, wani Alhaji ya zo daga Wurno ya duba 'yan kwikwiyon Kawuna. Ina zaune a gindin mangwaro, a gonar albasar Kawu kusa da dam ɗin Goronyo, littafi a cinyata amma idona yana wajensu.

Uwar baƙa ce wuluk, irin karnukan waje da Turawa ke kira labrado. Wani injiniyan ban ruwa ne ya bar wa Kawu ita da aka canza masa wurin aiki. Idan Kawu ya harbo agwagwar ruwa, ita ke faɗawa ta ɗauko, ba ta ko huda fatar. Uban kuwa na Alhajin ne, shi ma baƙi, don haka shi ke da zaɓin farko.

Alhajin ya ɗaga 'yan kwikwiyon ɗaya bayan ɗaya ta fatar wuya. Da ya zo kan ƙaramin, sai ya tsaya.

"Malam, mi an nan?" ya tambayi Kawu, yana nuna farin tabon da ke ƙirjinsa, kamar an ɗiga nono. "Wanga ba jinin karena ba na. Karen ƙauye ya riga mu."

Ya ɗauki nasa ya tafi. Kawu ya daɗe yana kallon tabon. Daga baya ya ce ba zai ciyar da gauraye ba, idan motocin albasa suka zo zai ba direbobi shi.

Ni kuwa wannan ƙaramin ne nawa. Shi ke kwanciya kusa da takalmina idan ina karatu, ya tauna mini igiyar jaka. Ban iya yi wa Kawu musu ba, ban ma taɓa ɗaga ido na kalle shi ba. Sai na koma makaranta a Sakkwato, inda nake karatun lafiyar dabbobi, na shiga bincike. Wani rubutu a waya ya ce ɗan fari a ƙirji ba laifi ba ne a irinsu, wani ya ce alamar gauraye ce. Na yi ta zagaya ofishin malaminmu kafin na samu ƙarfin shiga, shi kuma ya ce sai an yi gwajin jini a ƙasar waje. Har wani maharbi na tambaya a motar Rabah, ya ce shi kare da kunne ake gane shi.

Na dawo hutu ana cirar albasa, buhuna jere a bakin hanya. Kakata ta lura ba na cin tuwo sosai.

"Kishiya, wa ya taɓa ki?" ta ce. Haka take kirana tun ina ƙarama.

Na faɗa mata. Ta yi dariya har da tari.

"Yo duk karatun ga naki, ɗan hwarin gashi ya gagare ki? Miƙo min tandun kwalli."

Ta kwaɓa kwalli da man kaɗe a murfin gwangwani, ta sa na ɗauko ɗan kwikwiyon daga gona na riƙe shi, ta shafa masa da tsinke tana kau da fuska, wai kar ya lashe ta. Tabon ya ɓace ɗungum.

"In Kawunki ya tambaya, girma ya yi, hwarin ya zube."

Washegari da hantsi Kawu ya fito da farar rigarsa, za shi ɗaurin aure. Ya ce kafin nan zai gwada 'yan karnukan, don motoci sun iso. Yadda yake yi, yakan ɗaure fiffiken agwagwa da zare a jikin kara, ya jefa cikin ruwa. Muka gangara bakin ruwa, Kaka na biye da mu da sandarta, ita da ba ta zuwa gona.

Ya jefa. Babban cikinsu ya tsoma ƙafa ya ja da baya. Ta biyun ta ɗauko, amma ta gudu da shi cikin kabeji ta hau ci. Kawu ya ɗaure wani fiffiken, ya sake jefawa. Kafin ya taɓa ruwa nawa ya riga ya faɗa, kansa kawai ake gani. Ya juyo da fiffiken a baki, ya fito, ya tafi kai tsaye ya ɗora ƙafafunsa da ƙirjinsa a kan Kawu.

Da ya sauka, tabon ya dawo, ya yi toka-toka. Sauran kwallin yana kan farar riga.

Kawu ya dubi rigar, ya shinshina yatsansa, ya dubi mahaifiyarsa.

"Inna, karen ma kwalli kika sa mai?"

"Ango na, ɗaurin aure za shi," in ji Kaka.

Masu cirar albasa suka kwashe da dariya, Kawu ma ya kasa riƙe tasa. Ni ma na yi, har mayafina ya zame. Cikin wannan dariyar ne na samu bakin tambayarsa, karon farko.

"Kawu, to na asali ne ko gauraye?"

Ya juya fiffiken a hannunsa, ko gashi ɗaya bai tsinke ba.

"Ɗiyata, wallahi ban sani ba. Amma har hannu ya kawo min. Wanga ba ya shiga mota."