Kwanon Abban Hanan

A shekarar da annoba ta kulle mu a Kuala Lumpur, ta kuma ɗauke mini miji, ba wanda ya riƙa faɗo mini a rai kamar Iya, kakata ta wajen uwa. Matar da ta daɗe a ƙasa, amma sai in tsaya gaban tukunya in ji kamar tana bayana tana leƙe.

Iya ba ta fara tatsuniya sai ta ga gindin kowane kwano. Da an idar da sallar isha'i a gidanmu na ƙauye, can bayan Malumfashi, sai ta jawo kujerarta 'yar tsugunno kusa da murhu, inda garwashin tuwon dare bai gama mutuwa ba, ta ce a kawo kwanuka ta duba. In yaro ya bar loma, ta miƙa masa abinsa.

"Ungo, angona. Ni ba na hira da mai raina girkina."

Haka za mu sa shi a gaba da harara har ya haɗiye, don shi ya tsare mana labari. A gidan nan ban taɓa ganin an zubar da abinci ba. Tuwon da ya kwana ɗumame ne da safe. Ƙanzo a shanya shi a kan rufin ɗaki, a adana don ranar da babu. Ruwan wankin tukunya ma awaki na jiransa.

In ta gamsu, sai ta gyara zama ta ce, "Ga wata baƙuwa a ƙofa." Mu haɗa baki mu ce, "Ta shigo, akwai tabarma."

Wadda ta fi yi mana ita ce ta Larai. Wai mijin Larai ya tafi fataucin kanwa, damina ta wuce, rani ya wuce, shiru. Ita kuwa kullum da yamma in ta tuƙa tuwo, akushinsa take fara cikawa, ta zuba man shanu, ta rufe da faifai ta kai ɗakinsa. Kowa ya sani, kwanon maigida ba mai buɗe shi sai shi. In ya ci ya rage, sannan yara su samu. To, ba wanda ya buɗe, saboda haka ba wanda ya ci. Da safe ta kai bayan danga ta juye. 'Ya'yanta na ramewa, rumbu na yin ƙasa, tulin tuwo a bayan danga na yin sama har ya fi danga tsayi.

A nan Iya ke maƙale murya ta yi waƙar gero:

"Larai, Larai, wa kika dafa wa?
Mai ci na nan, kin kai wa babu."

Wai ran nan geron da ya rage ya gaji. Ya fito daga rumbu, ƙwaya na bin ƙwaya kamar tururuwa, ya kama hanyar garin da za a ci shi. Larai ta bi shi da gudu, ba ɗankwali, tana kuka tana tara zane. Abin da ta iya tarewa bai wuce cikin tafin hannu ba. Geron nan ya ce zai koma da ita, amma da sharaɗi: kafin ta auna, ta dubi bakunan da ke zaune a gabanta.

Ni ce mai tambayar tsiya. Kullum sai na ce, "Iya, to mijin ya dawo?"

"Ke dai Allah ya shirye ki. Tatsuniyar tuwo nake muku, ba ta miji ba. Na sauke ta nan, mai so ya ɗauka. Ku tashi ku kwanta."

Abin da muka ɗauka a lokacin shi ne, cinye tuwonka kada gero ya yi fushi. Sai da na yi aure mahaifiyata ta gaya mini cewa kakanmu ya tafi Kurmi sayen goro tun tana goye, ba a sake jin ɗuriyarsa ba, kuma Iya ta yi shekaru tana zuba masa tuwo. Na ce Allah sarki, na ci gaba da harkokina. Ina da miji a gefe, me zan gane?

Mijina, Abban Hanan, yana sama wa ɗalibai 'yan Najeriya gidajen haya ne a unguwar Bukit Jalil, mu kuma muna zaune a unguwar Sentul, a wani bene mai tsawo, mu uku da 'yarmu Hanan. Tari ya fara, motar asibiti ta zo ta ɗauke shi, aka hana mu binsa. A waya na ga lokacin da mutane masu fararen kaya na roba suka sa shi a ƙasa. Na shiga takaba a cikin kulle, ba mai zuwa gaisuwa, sai kiran waya da nake gajiya da amsawa.

Na san ya rasu, ban taɓa yin musu ba. Hannuna ne bai sani ba. In na zo auna shinkafa sai in ga na zuba ta mutum uku. In na sauke, kwanonsa mai murfi nake fara cikawa, in ajiye a gefensa na tebur. Ya wuni, ya shiga firji. Firji ta cika, in kwashe a leda in kai ɗakin shara. Nan ba akuya, ba kaza, ba rufin ɗakin da za a shanya komai, ga iskar garin da ke sa abu ya yi fumfuna kafin ka juya. Maƙwabta kuwa kowa ya rufe ƙofarsa, balle a aika musu. Wallahi duk lokacin da na saki ledar nan sai na ji kunya, amma washegari in sake.

Ana cikin haka malamar su Hanan, wadda suke kira cikgu da yaren ƙasar, da ke koya musu ta kwamfuta, ta ba su aiki. Ta ce abincin da duniya ke zubarwa ya isa ya ciyar da al'umma mai yawa, kuma ba a iya rage abin da ba a auna ba. Don haka kowa ya riƙa ɗora ragowar gidansu a kan sikeli kafin a zubar, ya faɗa wa aji. Hanan ta ɗauko ƙaramin sikelin da nake auna fulawa. Ban hana ta ba, ba ni da ƙarfin hana kowa komai.

Bayan 'yan kwanaki ta same ni a kicin da hantsi, sikelin a hannunta, ta fara magana da Hausarta mai gauraye da Turanci da yaren ƙasar.

"Mama, cikgu ta ce namu ya fi na kowa yawa. Kuma wai why kullum the same? Na sauran yana hawa yana sauka."

Na ci gaba da wanke-wanke.

"Ba zan iya gaya mata ba lah, Mama. Kowa yana ji. In ce na Abba ne?"

Idonta ya kawo ruwa. A lokacin na lura da wuyanta, yadda ya zama siriri. Ashe yarinyar nan ta daɗe ba ta cin kirki. Ta ce in ta zauna ga kwanon a gabanta a rufe, abincin ba ya wuce mata. Ni ina can ina ciyar da wanda ba ya nan, ban ga wadda ke zaune ba.

Yanzu na san Iya ba tsoron fushin gero take koya mana ba. Ta san irin gajiyar da ke sa mace ta gwammace ta zubar da tuwo da ta rage awo, don ranar da ka rage, ka yarda ke nan. Ba ta iya faɗa wa jikoki haka ba, sai ta ɗora wa Larai. Masu aune-aunen duniya suna da gaskiyarsu, kuma ina tare da su, amma sikeli nauyi kawai yake nunawa, ba ya faɗin na wane ne.

Da yammar nan na auna ta mutum biyu. Shinkafar ta kwanta a gindin tukunya, 'yar kaɗan, har sai da na dafa bango na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Muka ci a faranti ɗaya. Hanan ta cinye, har ta kankare tukunyar.

A ƙarshen mako ina ɗaki na jiyo muryar malamar daga kwamfuta, cike da murna. Ta ce gidan su Hanan ne ya fi kowane gida ragewa, daga na ƙarshe sun zama na farko, kowa ya tafa mata. Na ji yara suna ta tafi. Malamar ta ce, "Hanan, gaya wa 'yan'uwanki yadda kuka yi."

Na leƙo. Hanan na zaune a gaban kwamfutar, ta kashe kyamara.