Darasin Ƙarfe Huɗu da Ɗaliban Tudun Wada

Ana idar da sallar asuba muka bar Kaduna zuwa Zariya, ni da abokin aikina, raina a ɓace tun kafin mota ta cika. Wata biyu ke nan ina koyar da lissafi kai tsaye ta manhajar waya ga 'yan ajin ƙarshe na wata sakandare a Tudun Wada, Zariya. Ƙarfe huɗu na yamma nake buɗe darasi, in yi ta surutu ni kaɗai kamar rediyo. Shugaban makarantar ya ce tunda ba mai shiga zai soke shirin, ga shi jarrabawa ta matso.

Hanya ba laifi, sai dai direba ya cusa mu huɗu a kujerar mutum uku. A Kwangila muka sauka muka karya da koko da ƙosai, ƙosan da yanzu sai ka sa tabarau kafin ka gan shi. Daga nan mai keke ya kai mu makarantar.

Na shiga aji da tabbacin na san matsalar: ko data, ko wuta. Ɗaliban suka ce data da tsada kam, kuma yawancinsu wayar iyaye suke ara, amma ana lallaɓawa. Na ce to lalaci ne ke nan. Na yi ta faɗa har da buga tebur.

Sai wata ɗaliba a baya ta ɗaga hannu. "Malam, ƙarfe huɗu ai muna Islamiyya. In mutum ya yi fashi, har gida ake aikawa."

"To yaushe ne ba ku zuwa?"

"Alhamis da Juma'a mana, Malam."

Ranakun nan biyu kuwa su na cire daga jadawali, wai don su huta. Ni da na yi shekaru ina zuwa Islamiyya! Kiristocin ajin kuma suka ce sun leƙa, suka ga ba abokansu, suka watsar. Kunya ta kama ni, haushin ya dawo kaina. Na roƙi shugaban ya ɗaga min ƙafa mako uku, ya yarda da ƙyar.

Kafin magariba muna gida. Abin da na koyo shi ne in tambayi yara lokacinsu kafin in zarge su. Ranar Alhamis na buɗe darasi, sallama ta yi ta shigowa har sai da na roƙe su su yi shiru in fara.